Hular Mijinyawa

Alhaji Mijinyawa ya rasu cikin daminar 1983, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata huɗu duk suna ɗakunan mazajensu, shago ɗaya a bakin kasuwar Bodinga, da kuma ni. Sunana Attahiru. Shekara goma sha ɗaya na yi ina masa aiki, kuma har ranar da ya cika "yaron Alhaji" ake ce mini, alhali ina da 'ya'ya uku da furfura a gemu.

Wanda bai san Alhaji ba ba zai gane irin rashin da muka yi ba. Shi ya fara kawo injin niƙa garinmu. Mata suka yi wata guda suna zaginsa wai tuwon garin inji warin ƙarfe yake yi, daga baya suka riƙa yi masa layi da ƙwarya tun da hantsi. Shi ya ɗora lasifika a masallacin unguwarmu. Shi ya jona talabijin da batirin mota, ya ajiye a ƙofar shago, dattawan da suka ce haramun ne suka riƙa zuwa da tabarminsu don su ga haramcin da kyau. Idan ciniki ya lafa, sai ya jingina da bango, ya zuba wa sama ido, ya ce:

"Ku ba ku gani, ni ina gani. Akwai ranad da mutum za shi zamna Bodinga shi yi magana da ɗan'uwanai Ikko, da ɗan abin da bai kai tahin hannu ba."

Sai masu sauraro su kalli juna, su ce Alhaji ya sha rana.

Ba mutum ne mai sauƙin zama ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Idan yana tunani ba ya amsa gaisuwa, ko ta hakimi ce. Sau biyu ya jefe ni da sifana, sau ɗaya ya same ni. Ina sonsa ƙwarai, kuma ina jin haushinsa ƙwarai, har yau ban iya raba biyun ba.

Babban aikinsa a duniya shi ne Gimbiya. Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, kuɗi na yawo, kowa na sayen babur da agogo, shi sai ya tafi Kaduna ya dawo da tarkacen ƙarafa cikin buhu uku. Ya rufe kansa a bayan shago wata uku, ya fito da injin ban ruwa. Bai bar shi tsirara kamar sauran injuna ba. Ya yi masa akwatin ƙarfe, ya liƙe da walda ta kowace kusurwa, ya shafa koren fenti, ya rubuta "Mijinyawa" da farin fenti a gaba. Abin da ake gani a waje kawai igiyar tayarwa, bakin tankin fetur, da inda ake jona tiyo. Sai wata 'yar ƙofa a gefen hagu, ba ta fi tafin hannu ba, da kwaɗo, mabuɗin a wuyansa. Ya sa wa injin suna Gimbiya, ya ce wanda duk ya kira ta "shi" ya bar masa shago.

Fadamar Shagari muka kai ta. Manoman albasa na wurin, su talatin da 'yan kai, da jigo suke ban ruwa tun kakanninsu: doguwar sanda, guga a baki ɗaya, dunƙulen laka a ɗayan, mutum ya wuni yana sunkuyo yana miƙewa har bayansa ya manta yadda ake tsayuwa. Shugabansu Baba Na'Allah, dogon tsoho marar yawan magana, ya tsaya ya ga Gimbiya ta cika fangalin albasa arba'in da ruwa kafin rana ta yi zafi. Washegari ya tumɓuke jigonsa, sauran suka bi shi, matansu suka yi girki da sandunan.

To, Gimbiya ba ta tashi sai a hannun Alhaji. Kowace Litinin da Alhamis, duk tsawon rani, muna hawa babur bayan sallar asuba mu nufi Shagari. Manoma su tarbe mu tun daga bakin hanya, wani ya riƙe babur, wani ya shimfiɗa buzu, wani ya kawo fura. Alhaji ya sha, ya yi tari sau biyu, ya gyara tsohuwar hularsa ƙube mai ruwan ƙasa, ya durƙusa a gefen hagu. Sai ya ɗage babbar rigarsa ya lulluɓe kansa da rabin injin. Mu ji ƙarar kwaɗo. Mu ji yana gunguni ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce, "Ja!" Ni kuwa ina gefen dama, in fizgi igiya. Gimbiya ta yi atishawa, ta yi tari, ta kama ruri. Alhaji ya fito yana gyara hula, ba ya kallon kowa.

Idan ya tayar da ita da safe, ko ta mutu da rana kowa na iya jan igiya ta tashi. Manoma suka ce albarkar ta wuni guda ce, tana ƙarewa da faɗuwar rana. Shekara huɗu ina jan igiyar nan. Sau ɗaya na tambaye shi me yake yi a ƙarƙashin riga, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Inji awa mutum na, Attahiru, numhwashi shika yi." Na gyaɗa kai kamar na gane, don ina ganin sifana kusa da hannunsa.

Da ya rasu, matarsa Inna Kaltume ta kira ni ta ba ni mabuɗin shago da na 'yar ƙofar, da babbar rigar, ta ce in riƙe sunan maigidana kada ya faɗi. Sauran tufafinsa aka rabar sadaka ranar addu'ar bakwai, kamar yadda aka saba. Ni kuwa na ɗauki maganar riƙe suna da gaske fiye da kima. Na fara sa rigar kullum, tana jan ƙasa don Alhaji ya fi ni tsawo. Na koyi tarinsa. Na daina amsa gaisuwa, har surukina ya yi fushi ya kai ƙarata wurin liman. Na riƙa jingina da bango ina kallon sama, ina jiran in ga abin da yake gani, ban ga komai ba sai shirwa.

Kuma shekarar ba ta wasa ba ce. Kuɗin da ke yawo sun ɓuya. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, ta hana shigo da kaya, sabulu da madara da shinkafa suka zama sai an yi layi. Damina ta ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba. Mutanen Shagari, duk da shugaban ƙasa ɗan garinsu ne, hadari bai san da wannan ba. Abin da ya rage musu su ci shekara da shi albasar rani ce kawai.

Cikin watan Disamba suka yi dashe, suka aiko mini. Na ɗauki Lawali, wani tsohon ɗan kokawa da ke mana dako, mutum mai dantse kamar turmi, na ce yau shi zai ja igiya. Ranar Litinin ce, sanyi har cikin ƙashi. Aka riƙe mini babur, aka shimfiɗa buzu, aka kawo fura. Wallahi na ji daɗi. Na sha, na yi tari sau biyu, na durƙusa, na lulluɓa, na buɗe kwaɗo. Na zaci zan ga laya, ko rubutu, ko wani maɓalli na zinariya. Ba komai a ciki sai bakin wani bututu, baƙi, zagayayye, kamar bakin kofin shayi. Na dube shi, shi ma ya dube ni. Na yi gunguni yadda ya sawwaƙa, na ce, "Ja!"

Lawali ya ja. Gimbiya ta ce "fuu", ta yi shiru. Ya ja har sau talatin, har akwatin na ɗagawa daga ƙasa. Rana ta fito, ta take, ta karkata. Gimbiya ba ta ko yi atishawa ba.

Talata Baba Na'Allah ya aika Sakkwato aka zo da wani makanike, Maniru, mai baƙin tabarau. Ya zagaya akwatin sau biyu, ya ƙwanƙwasa, ya nuna 'yar ƙofar ya ce in buɗe masa. Na dafe mabuɗin a ƙirjina.

"Wagga ƙohwa ba a buɗe ta gaban kowa. Hakanan Alhaji yab bar ta."

"To in ba ka buɗe, sai in kawo zarto in yanke akwatin."

"Sai dai ka hwara yanke ni."

Manoma suka goyi bayana, har da masu cewa kada baƙon hannu ya kori albarka. Maniru ya kaɗe hannunsa, ya ce ko ya yanke ma banza ne, yanzu ko fulogi babu a ƙasar nan, balle kayan injin da ba shi da uwa ba shi da uba. Ya hau motar haya ya tafi. Da na buɗe masa ƙofar nan, da minti ɗaya ya ishe shi. Na sani yanzu. A lokacin kuwa ji nake na kare mutuncin maigidana.

Kafin in tafi, Baba Na'Allah ya ja ni gefe ya nuna mini fadama. Mata da maza da bokitai da tuluna suna ta safa daga gulbi, amma ina tulu ina fangali ɗari huɗu. Dashen ya fara kwantawa.

"Attahiru," ya ce, "in ruwa bai shiga ba ran Alhamis, babu albasa bana. In babu albasa, kai ka san abin da ab babu."

A hanyar komawa ne Lawali, wanda ba ya magana sai sau ɗaya a wuni, ya yi ta ranar. Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Riga kam ta Alhaji ta. Amma hulag ga taka ta."

Saura kaɗan mu faɗa rami. Hula! Rigar na sa, tarin na yi, gungunin na yi, amma da 'yar farar hulata ta kanti na shiga. Na juya babur kai tsaye gidan Inna Kaltume, na same ta a tsakar gida tana tsince yakuwa. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi ƙuben Alhaji.

"Wace? Ƙazamag ga?" Ta taɓe baki. "Ita na hwara bayarwa, don in huta. Shekara huɗu ina cuɗa ta duk Laraba. Wani baƙin zobe ka hito mata ciki, tsakiyar kai, ga warin hetur. In wanke, shi dawo. Har na ce mai, Alhaji, kanka yoyon mai shika yi?"

Na ce a raina, ka ji kan da ke aiki kamar inji, har mai yake fitarwa. Na tambaye ta wa aka ba, ta ce Malam Mode, ladanin wani masallaci a Sifawa.

Laraba da sassafe muna Sifawa. Malam Mode, ɗan siririn tsoho mai babbar murya, ya saurare mu har ƙarshe, ya yi wa mamaci addu'a mai tsawo, muna amin muna kallon kansa, rawani ne babu hula.

"Allah shi gahwarta Malam, hular fa?"

"Ai ta yi min yawa. In na ɗaga kai kiran salla sai ta ruhe min ido. Na ba mijin ƙanwata, Bawa, dillalin awaki, can Dingyaɗi."

Muka iske Bawa a ƙarƙashin wata tsamiya, riƙe da igiyar akuya uku, ƙato, mai kai kamar kabewa, ƙuben Alhaji a ɗofane a samansa har ɗinkin baya ya fara buɗewa. Da na gan ta sai da hawaye ya zo mini. Kuskuren da na yi shi ne na gaya masa gaskiyar abin da ya sa muke nemanta. Yana ji ya dafe ta da hannu biyu, ya saki awaki, Lawali ya bi su.

"Ashe! Ni dai na ce! Tun da nis sa ta, ko gurguwar akuya na kai kasuwa sai an yi rububinta. Ba ni ba da ta."

Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da Annabi, na ambaci fangali ɗari huɗu da 'ya'yan mutane. Muka yi ta ja har azahar. Daga ƙarshe ya yarda da aro na safiya ɗaya, bisa sharaɗin ƙafarsa ƙafar hula, kuma ba zai cire ta ba sai a gaban injin. Haka muka shiga Shagari ranar Alhamis mu uku a kan babur ɗaya, ni a kan tanki, Bawa a tsakiya dafe da kai, Lawali a baya ƙafafunsa na share hanya.

Labari ya riga mu isa. Ban taɓa ganin taro a fadamar nan kamar na ranar ba, har daga Dandin Mahe an zo. Ba wanda ya kawo fura. Bawa ya cire hular a hankali kamar mai sauke ƙwai, ya ɗora mini da hannunsa, ya ce kada in bari ta taɓa ƙasa. Ta faɗo mini har gira, tana warin akuya. Na yi tari sau biyu. Na durƙusa, na lulluɓa, na buɗe kwaɗo, na karanta duk abin da na haddace tun ina makarantar allo. Na ce, "Ja!"

"Fuu," in ji Gimbiya.

Sau goma. Sau ashirin. Na ji taron ya fara guna-guni. Bawa ya ɗaga rigar ya leƙo, ya ce hular ta saba da kansa ne, in ba shi wuri. Don rashin abin yi na ba shi. Ya shiga da ƙyar, rabin jikinsa a waje, ya yi ta kirarin da yake wa awaki a kasuwa, Lawali na ja. Ya fito yana haki ya ce injin ne ba shi da tarbiyya. Wani daga baya ya ce a kawo zarto. Wani ya ce a fara da yaron Alhaji, tunda shi ya nema.

Baba Na'Allah ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya taka zuwa fangalin da ke kusa, ya tsuguna, ya zaro dashe ɗaya, ya zo ya buɗe tafina ya sa mini. Ya yi laushi kamar zare, kan ya fara rawaya.

"Ba mu ce ka zama Alhaji ba," ya ce a hankali. "Ruwa muka so."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Na karɓi hular daga Bawa, na koma ƙarƙashin riga, ba don ina da wata dabara ba, sai don nan ne kawai ba a ganin fuskata. Gumi da hawaye suka haɗu suna shiga mini baki, ga sanyi ana yi. Na cire hular don in share fuska.

Rana ta ɗan ɗago, haskenta na ratsa zaren rigar. A cikin hular, daidai tsakiya, na ga zoben da Inna ta faɗa. Wanki bai fitar da shi ba, kan Bawa ma bai goge shi ba. Baƙi, zagayayye, kamar an kifa kofin shayi. Na ɗaga ido, ga bakin bututu a gabana. Lawali, da ba wanda ya ce masa ya daina, ya sake fizgar igiya, sai na ji bututun ya zuƙi iska ta gefen kumatuna, fuu, kamar mai mura.

Numfashi yake yi.

Na kai hular kusa da bututun. Zoben da bakin suka hau juna kamar tare aka haife su. Na kifa ta, na danne da tafina, na yi ihu, "Ja!"

Hular ta lotsa ciki. Gimbiya ta yi atishawa. "Ƙara!" Ta yi tari, ta yi tari, ta kama, sai kuma ta fara shaƙewa kamar za ta mutu, na yi maza na janye hular, ta saki wani ruri da ya girgiza mini haƙora. A tsakanin nan na ji bakina na motsi da kansa, na saurara in ji me nake cewa. Cewa nake, "Tashi, don Allah tashi, 'yar banza, kada ki kunyata ni gaban mutane." Nan take na gane addu'ar da Alhaji ya shekara huɗu yana yi.

Sirrin ke nan gaba ɗaya. Injin da ya kwana cikin sanyi ba ya son iska da yawa, sai an toshe masa hanci ya sha fetur tukuna. Kowane inji na da ɗan marfin da ke wannan aiki. Na Gimbiya babu, ko ya karye ko Alhaji bai samu ba, sai ya sa hularsa. Na tsuguna a wurin ina dariya ina kuka, ina jin kamar in tono shi in jefe shi da sifana, in kuma rungume shi.

A waje ana ta kabbara, na ji ruwa na bugun tiyo. Ba wanda ya ga abin da na yi. Abin da ya rage kawai in mayar da hula a ka, in rufe kwaɗo, in fito ina gyara ta ba na kallon kowa. Na hango Litinin da Alhamis na shekara talatin masu zuwa, ana riƙe mini babur, ana shimfiɗa buzu, ana cewa Alhaji Attahiru. Kada in ɓoye muku, na so abin, har na kai hannu ga kwaɗo. Sai na ga dashen nan na Baba Na'Allah a kan gwiwata inda ya faɗi. Na tuna Alhaji ma bai yi shawara da kowa ba ya mutu cikin damina.

Na yaye rigar na jefar gefe. Na kira Baba Na'Allah da duk wanda ke kusa, na nuna musu bututun, na nuna musu zoben, na ɗaga murya sama da rurin injin na faɗa musu yadda ake yi. Suka yi ta kallona baki buɗe. Bawa ya fizge hularsa ya ga sabon baƙin mai a ciki, ya yi salati, ya ce na kashe mata ƙarfi, kuma ƙarya nake, ba kowace hula ke yi ba. Na cire mabuɗin daga wuyana na sa a hannun Baba Na'Allah.

"Baba, ran Litinin ka gwada da taka. In ta ƙiya, ka aiko min."

Ya juya mabuɗin a tafinsa, ya ce, "Hula dai? Don hula munka ƙone jigunanmu muna jiran mutum daga Bodinga?" Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban san yana da ita ba, har ya zauna a kan kunyar fangali. Dashen da ke nesa da gulbi ya riga ya mutu, bai dawo ba. Amma fiye da kashi biyu cikin uku sun tashi.

Ranar Litinin na yi asuba, na goge babur, na zauna a ƙofar shago ina kallon hanyar Shagari. Kowace mota ta tsaya sai in miƙe. Hantsi ya yi, rana ta take. Ba wanda ya zo. Ya kamata in yi murna, na sani, amma abin da na ji kamar an yi biki a gidanmu ba a gaya mini ba.

Da la'asar na tafi wurin Inna Kaltume, na durƙusa, na ce na zo neman gafara, na tona asirin Alhaji. Na kwashe labari na gaya mata. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ashe sabulunta Gimbiya ta riƙa ci. Sannan ta goge ido da bakin zane, ta dube ni.

"Yau ba su aiko ba, ko?"

"Ba su aiko ba, Inna."

"Ya yi ciwo?"

Na sunkuyar da kai.

"To shi abin da yak kasa ɗauka ke nan," ta ce. "Maigidanka bai tsoron mutuwa awa yadda shika tsoron a wayi gari ba a neme shi ba. Kai ka ɗauka. Tashi ka ci tuwo."

Kwana biyar bayan nan soja suka karɓe mulki, aka shiga wata wahalar. Mutanen fadamar Shagari da albasa suka ci shekarar. Na mayar wa Inna rigar, na koma amsa gaisuwa, na shirya da surukina. Bawa bai daina sa ƙuben ba har ta rabe biyu, kuma har ya mutu yana cewa ni na karya masa kasuwa.

Alhaji ya sha faɗa mini burinsa shi ne a ga sunansa a jikin masana'anta, da manyan haruffa, a Kaduna ko Ikko. Koren fentin Gimbiya ya ɓare tuni, sunan da ya rubuta a jikinta ya goge. Amma shekaru da yawa bayan nan, in ka shiga kasuwar Shagari ka ce manomin fadama ya cire hularsa, za ka ga baƙin zobe a tsakiya. Hatimin Mijinyawa suke ce masa. Matansu kuwa duk ranar wanki sai sun ambaci sunansa, kuma ba addu'a suke masa ba.